Jihar da teku biyu suka saka a tsakiya

Assalamu alaikum jama'a. Yau hirar ƙasa da ruwa da iska zamu yi, sabida an dame ni da tambayar wai wane irin waje nake zaune haka da kullum bakina baya rabuwa da ƙorafin iska. Toh sunan jihar Schleswig-Holstein, ita ce can ƙuryar arewacin Jamus, in ka wuce ta ka faɗa Denmak kenan, ta kudu kuma birnin Hambug da kogin Elbe ne suka tokare ta. Babban birninta Kiel, sai Lübeck da Flensburg da Neumünster, faɗinta wajen murabba'in kilomita 15,800, mutanenta kuma basu ƙarasa miliyan 3 ba. Amma duk wannan lissafin 'yan makaranta ne, abun da zaka riƙe shine teku biyu ne suka saka ta a tsakiya, Tekun Arewa ta yamma, Tekun Baltik ta gabas, kuma wallahi halinsu ba ɗaya bane ko kaɗan. Na yamma mafaɗaci ne, kowa ya san shi da faɗa an kuma shirya mishi tun kaka da kakanni, na gabas kuwa shiru-shiru ne, sai ya yi shekara da shekaru bai ce uffan ba, rana ɗaya ya tashi ya yi ma mutane ɓarnar da sai an daɗe ana gyara.

Siririya ce jihar, duk inda ka tsaya a cikinta baka fi kilomita 60 daga bakin teku ba, tsakanin garin Husum da garin Schleswig ma 30 da 'yan kai ne kawai. Dutse kuwa kar ka nema. Wajen da ya fi ko'ina tudu sunansa Bungsberg, tsayinsa mita 167 da ɗan ɗoriya, kuma mutanen nan basu ji kunya ba suka kafa mishi igiyar jan masu wasan sulu a dusar ƙanƙara, 'yan kudu masu duwatsun Alps in suka ji labarin sai dai su yi dariya su kaɗa kai.

In ka ɗau mota daga Kiel ka miƙe yamma zuwa bakin Tekun Arewa, tafiyar da bata fi awa ɗaya da rabi ba, ƙasa kala uku zaka ratsa, kuma ko baka yi karatun jogirafi ba idonka zai gaya maka an canja waje. Duka ukun ruwa ne ya ƙera su, biyu daskararren ruwa, ɗaya ruwan teku.

Ta gabas ita ce mai tudu da kwari, hanya ta hau ta gangara ta lanƙwasa, ga tafkuna ko ta ina. Wannan aikin ƙanƙara ne. A zamanin sanyin nan na ƙarshe da ya ƙare wajen shekara 11,700 da suka wuce, tulin ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mita ya gangaro daga ƙasashen Suwidin da Norwe yana tafe yana ture duk abun da ke gabansa, ƙasa da yumɓu da tsakuwa da manyan duwatsu, da ya iso gabashin jihar nan sai ƙarfinsa ya ƙare ya tsaya, da ya narke sai ya bar kayan da ya kwaso a inda suke tsibi-tsibi, shine tuddan da ake gani yanzu. Inda wani gutsuren ƙanƙara ya maƙale a ƙarƙashin ƙasa ya narke daga baya sai wajen ya lotsa ya zama tafki, mafi girmansu shine na Plön mai faɗin kusan murabba'in kilomita 28. Inda kuma harshen ƙanƙarar da ruwan da ke gudu a ƙarƙashinsa suka yanka dogon kwari sai teku ya biyo baya ya cike shi, irinsu ne suka ba Kiel da Flensburg tashar jirgi ta Allah da annabi, ruwa mai kwanciya ya kutso har tsakiyar gari. Wanda ya fi burge ni shine Schlei, ya shigo cikin ƙasa kusan kilomita 42, in baka ɗanɗana ruwansa ka ji ɗan gishiri-gishiri ba zaka rantse kogi ne. Su kuma duwatsun da manoma ke tsinta a gona duk baƙi ne, ƙanƙara ce ta ɗauko su tun daga Sikandinabiya, kakannin mutanen nan da su suka gina tsofaffin coci-cocin ƙauye tunda basu da dutsen da zasu fasa. Ƙasar wajen tana da ƙarfi, alkama da sha'ir da wani tsiro mai ruwan ɗorawar fure da ake tatsar man girki a jikinsa, in watan Mayu ya kama gaba ɗaya gabas ta koma ruwan ɗorawa har ido na ɗaukar zafi.

Ta tsakiya ana ce mata Geest, ita ce marainiyar cikinsu. Rabinta tsoffin tuddai ne da wani zamanin ƙanƙara da ya riga wancan da nisa ya bari, iska da ruwa sun side su sun baje, rabinta kuma yashi ne zalla wanda ruwan narkewar ƙanƙara ya kwararo da shi yamma ya shimfiɗa. Yashi baya riƙe taki baya riƙe ruwa, dan haka a da talakawan jihar nan suke, yanzu dai masara ce da shanun madara suka rufa mata asiri. Amma fa ta yi rana, domin ita ce busasshen doron da ake iya bi da ƙafa lokacin da yamma take taɓo gabas kuma ruwa ya yayyanka ta, ta nan aka yi ta koro garkunan shanu daga Denmak zuwa kasuwannin bakin Elbe shekaru aru-aru har hanyar ta samu suna hanyar shanu, ta wannan ƙuncin ne kuma 'yan Viking, mayaƙan teku na Sikandinabiya, suka kafa kasuwarsu ta Haithabu a bakin Schlei, sarakunan Denmak suka ja ganuwar Danewerk suka toshe mashigar, yanzu duka biyun UNESCO ta saka su a jerin kayan tarihin duniya tun 2018.

Wani abun mamaki anan shine kogin Eider, wanda ya fi duka kogunan cikin jihar tsawo, kilomita 188. Yana tasowa kudu da Kiel ya matso dab da Baltik saura ƙiris ya faɗa, sai tuddan da ƙanƙara ta tara suka tare shi ya juya ya yi doguwar tafiya zuwa yamma. Da aka zo haƙa mashigin jiragen ruwa na Kiel wanda aka buɗe a 1895 sai aka datse shi gida biyu. Mashigin kilomita 98 ne daga Brunsbüttel zuwa Kiel, yana rage ma jirage zagayen Denmak na ɗaruruwan kilomita, kuma sai kana tafe tsakiyar gonaki kaga ƙaton jirgin kwantena yana ratsa bayan shanu. Fiton tsallake shi kyauta ne har gobe, tun zamanin sarkin Jamus aka yanke haka tunda an yanke ma ƙauyuka hanyoyinsu.

Toh yanzu mu zo yamma, inda labarin yake. Ita wannan ana ce mata Marsch, shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu ko na tururuwa, sararin sama ya fi ƙasar yawa, kuma gaba ɗayanta lakar teku ce. Kullum teku in ya ciko yana zuwa da laka, in ya lafa kafin ya koma sai lakar ta kwanta, kaɗan-kaɗan har wajen ya tashi ciyawar da ke jure gishiri ta kama. Mutane suka lura da haka sai suka shiga taya shi, su kakkafa turaku layi biyu a cikin taɓon su cusa ƙirare a tsakani dan ruwa ya rage gudu ya sauke lakarsa, in an yi shekaru waje ya taso sai a zagaye shi da jinga a yanka magudanai a bar ruwan sama ya wanke gishirin, shikenan an samu sabuwar gona daga bakin teku. Irin wannan filin sunansa Koog, in ka duba taswirar yamma zaka ga sunayen ƙauyuka birjik suna ƙarewa da shi, kuma kana tuƙi sai ka riƙa tsallake tsoffin jingogi ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar gonaki nesa da ruwa, kowace ɗaya a zamaninta ita ce bakin teku. Babban na ƙarshe da aka rufe shine Beltringharder Koog a 1987, shi ma ba gona aka maida shi ba tsuntsaye aka bar ma, daga nan aka daina cin ƙasar teku.

Ƙasar tana da albarka ba kaɗan ba, yankin Dithmarschen kaɗai kabeji wajen miliyan 80 yake fitarwa a shekara, babu wani yanki a Turai da ake noma kabeji a haɗe da yawa haka. Sai dai albarkar da sharaɗi ta zo. Laka in ka tsotse mata ruwa sai ta motse ta zauna, dan haka tsoffin filayen da aka fara killacewa sun fi sababbin nutsewa, har ta kai wajen da ya fi ko'ina zurfi a duk faɗin Jamus yana nan, a ƙauyen Neuendorf-Sachsenbande kusa da Wilster, mita 3.54 ƙasa da doron teku. Sun kafa wani dogon turke a wajen an zana inda teku zai kai da ba dan jinga ba, ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai, gaskiya jikinka sai ya yi sanyi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar irin wannan ƙasa ce da ruwa zai iya shanyewa, kuma sama da mutum 300,000 ne ke kwana a ciki hankali kwance.

Jingar nan fa ba ɗan tarin ƙasa bane. Tsayinta mita 8 zuwa 9 a yawancin bakin yamma, ciki yashi sama laka mai danƙo sannan ciyawa, gefen da ke kallon teku an kwantar da shi sosai dan igiyar ruwa ta hau ta gaji kafin ta kai sama, domin wadda ta miƙe tsaye ita ruwa ke yi ma duka ɗaya ya ɓarke. Ma'aikatan da suka fi kowa himma a kanta kuwa tumaki ne, ba wasa nake ba. Su ke aske ciyawar ta yi gajarta ta yi saiwa mai kauri, kofatonsu kuma yana daddaɓe ƙasar ya toshe ramukan ɓeraye, shanu sun yi nauyi zasu kwaɓe ta. A dokar mutanen da kuwa, kowane mai gona da rabon jingar da zai kula da shi, in ka gaza sai ka soka shebur ɗinka a jikinta ka tattara iyalanka ka bar gonar, duk wanda ya zare shebur ɗin ya ɗau gona ya ɗau wahalar. Ba tausayi a ciki, amma in rabon mutum ɗaya ya ɓalle gari gaba ɗaya ne zai nutse.

Bayan jingar kuma sai abun da ni har yau bai daina bani mamaki ba. Ka je bakin teku ka tarar ba teku. Sau biyu a yini ruwan ke janyewa ya tafi kilomitoci ya bar taɓo da rairayi iya ganinka, bayan awa 6 da 'yan mintuna ya dawo, zagayen gaba ɗaya awa 12 da minti 25, shi yasa lokacin ke matsawa kullum kuma kowa a yankin yana da jadawalinsa a waya ko manne a bango. Jan wata ne da rana ke haddasa shi. A Husum bambancin cikowa da janyewa ya kai mita 3 da rabi, a Kiel kuwa ɗan abun da Baltik ke motsawa ko lura ba zaka yi ba, kuma gishirinsa ma kusan rabin na yamma ne tunda koguna sun cika shi ƙofarsa kuma ƙarama ce. Wannan filin taɓon an maida shi gandun ƙasa a 1985, UNESCO ta karɓe shi a 2009, a ido ba komai sai laka amma cike yake da tsutsa da ƙananan dodon koɗi, su ne abincin miliyoyin tsuntsayen da ke yada zango anan suna cika ciki tsakanin Saiberiya da gaɓar Muritaniya da Gini Bisau. Ana tafiya a kai da ƙafa, har daga tsibirin Föhr zuwa Amrum ana takawa, amma da ɗan jagora. Ruwan baya dawowa ta gabanka inda kake kallo, ta kwaruruka yake zagayowa ya cike bayanka tukuna, in kuma hazo ya sauko gabas da yamma duk ɗaya ne, duk shekara sai an je ceto masu taurin kai.

A tsakiyar wannan taɓon akwai wasu 'yan tsibirai guda 10 da ake kira Hallig, su Hooge da Langeneß da Oland da Gröde, mutanen da ke kansu duka-duka basu kai 300 ba. Su basu da babbar jinga. Gidajensu akan tudun da aka tara da hannu suke, in guguwa ta taso teku sai ya haye tsibirin gaba ɗaya ya shafe makiyaya da hanya, ba abun da zaka gani sai gidaje tsilli-tsilli a tsakiyar ruwa, a kora tumaki sama a rufe ƙofa a ɗora shayi a jira. Wasu sau kaɗan a shekara yake musu haka wasu sau da yawa, kuma basa ɗaukarsa musiba domin duk hawan da ya yi yana barin 'yar laka da ke ƙara ma tsibirin tsayi. Wasu daga cikinsu ta wani siririn layin dogo ake zuwa, kowane gida da ɗan keken jirginsa mai inji, makarantarsu kuma wani lokacin yaran basu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Su waɗannan tsibiran ragowar ƙasa ce da teku ya cinye. A watan Janairun 1362 aka yi wata ambaliya da har yau sunanta babbar nutsewar mutane, ta shafe ƙauyuka da dama har da garin kasuwanci na Rungholt, ta yaga ƙasa har ruwa ya iso Husum wanda a da ba bakin teku yake ba, dare ɗaya ya wayi gari da tashar jirgi. Tatsuniyar mutanen wajen tace alfahari da saɓo ne suka jawo ma Rungholt, wai har yanzu in iska ta kwanta ana jin ƙararrawar cocinsu a ƙarƙashin ruwa. Masu bincike kuma suka ce akwai hannun mutane ta wata fuskar, domin sun yi ta haƙe danƙararren ruɓaɓɓen ciyayin da ke ƙarƙashin ƙasarsu suna ƙonawa suna fitar da gishiri suna sayarwa, suna kuma tsotse ruwan fadamu, ƙasar ta yi ta zama ƙasa-ƙasa, da jinga ta ɓalle ruwan ya shiga bai ga dalilin fita ba. An daɗe ana ɗauka garin ma ƙage ne sai da aka fara tsintar rijiyoyi da tukwane da sawun garma a cikin taɓo kusa da ɗan tsibirin Südfall, a 2023 kuma aka gano harsashin babban cocin. Sannan a Oktoban 1634 wata ta sake zuwa ta farfasa babban tsibirin Strand, sama da mutum 6,000 suka mutu a kansa kaɗai, abun da ya rage shine Pellworm da Nordstrand da ɗan Nordstrandischmoor. Wato taswirar da kake gani yau bata kai shekara 400 ba, kuma ba wanda yace ta gama canjawa.

Ta zamanin nan da ta farkar da gwamnati ita ce ta Fabrairun 1962, wadda ta kashe mutum 315 a Hambug ta kuma ragargaza jingogi da gidajen Hallig. Shekara na zagayowa aka fito da babban tsarin kare gaɓa, aka ɗaga jingogi aka miƙar da su, aka gina ƙatuwar ƙofar ruwa a bakin Eider da aka gama a 1973, gidajen Hallig kuma aka yi musu ɗakin tsira a sama akan ginshiƙan kankare wanda ko bango ya tafi shi yana nan. Da ta Janairun 1976 ta zo ruwan ya fi na 1962 hawa a wurare da yawa amma ɓarnar bata kama ƙafar waccan ba.

Sylt kuma, tsibirin masu kuɗi, nata salon daban. Doguwa ce kusan kilomita 38, ta ba teku gefe gaba ɗaya yana gatsa, tun 1972 ake tsotso yashi daga ƙasan teku ana fesa mata a gaɓa, wajen kubik mita miliyan ɗaya duk shekara, hunturu ya zo ya kwashe a sake zubawa. Miliyoyin Yuro ake kashewa akan yashin da an san tafiya zai yi, amma an gwada kankare da duwatsu an ga yashin ya fi. Can cikin teku kuma wajen kilomita 50 akwai Helgoland, jan dutse tsaye, gishirin da ke can ƙarƙashin ƙasa ne ya turo shi sama, a hannun Ingila yake sai 1890 aka ba Jamus a wata yarjejeniya da ta haɗa da maganar Zanzibar, a 1947 kuma sojan Ingila suka tayar da tan 6,700 na nakiya a kansa har fasalin kudancinsa ya canja.

Sai yanayi, abun da ya jawo hirar. Mutane suna ɗauka tunda arewa ce sanyinta ya fi na ko'ina, ba haka bane, Munik da ke can kudu ta fi mu daskarewa da hunturu. Teku baya saurin ɗaukar zafi baya saurin sakewa, ga kuma ruwan ɗumin da ke gangarowa daga Atilantika, shi yasa Janairu yawanci digiri 1 ne zuwa 2, alhali Labrador ta Kanada da muke kusan layi ɗaya da ita tana can ƙanƙare. Yuli kuma matsakaicinsa wajen 17, in an samu 25 sai kowa ya tuɓe ya nufi bakin ruwa, ko da yake a Yulin 2022 an auna 39.1 a Grambek can kudu maso gabas, wanda ba'a taɓa gani ba. Bazara tana makara kaka tana jan ƙafa. Dusar ƙanƙara in ta zuba da safe kafin la'asar ta koma caɓi.

Matsalar ba lambar digiri bace, iska ce da laima. Iskar yamma ce ke mulki, ta taso daga teku ba dutse ba daji da zai tare ta, domin ma jihar nan ita ce mafi ƙarancin daji a manyan jihohin Jamus, kashi 11 cikin ɗari kacal, bishiyoyin bakin yamma duk sun karkace sun kalli gabas. Digiri 5 da wannan iskar ya fi ƙasa da sifili a waje mai kwanciya shiga ƙashi. Ruwan sama kuma ba damina ba rani, duk wata ana yi, kuma ba irin mai zuwa da tsawa ya zuba ya wuce bane, yayyafi ne siriri mai zuwa a kwance, lema bata da amfani sai dai iska ta juye ta, kowa rigar ruwa mai hula yake sawa, kuma in ka yi ƙorafi su ce maka yanayi baya laifi sai dai kaya. Tuddan Geest duk da gajartarsu suna tatse hadari, wasu wuraren suna samun milimita 900 ko fi a shekara, kafin ya kai tsibirin Fehmarn a can gabas ya rage bai fi 600 ba, shi yasa Fehmarn take cikin wuraren da suka fi samun rana a Jamus. Manoma ma tun ƙarni na 18 suke zagaye gonakinsu da kunyar ƙasa mai shingen itatuwa a kai, tana tare iska tana hana yashi tashi, ana sassabe ta duk shekara 10 zuwa 15 ta sake tofowa, kuma doka ta hana a tumɓuke.

Ni abun da ya fi cin raina ma duhu ne. A Disamba rana sai wajen tara saura take leƙowa, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, awa 7 da ɗan abu, shi ma in gajimare ya bari an ganta, azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin aiki suke tarar da kai. A Yuni kuma sai ta rama, awa 17, ƙarfe goma na dare da sauran haske, jan sararin nan na bayan magariba ma baya gama ɓacewa har alfijir ya keto, sai dai masallatai su ƙiyasta lokacin isha da asuba. Waɗanda suka yi azumin 2016 anan sun sha kusan awa 19, ka tambaye su zasu baka labari.

Kar kuma kace dusar ƙanƙara bata taɓa yi musu ba. Duk dattijon da ka zauna da shi sai ya kawo maka ƙarshen Disambar 1978, da iskar gabas mai ƙanƙara ta yi karo da ɗumin yamma a daidai kan jihar, kwana da kwanaki ana zuba iska na tarawa har ta binne motoci da jiragen ƙasa, wuta ta ɗauke, ƙauyuka suka yanke, sai da soja suka fito da tankoki da jirage masu saukar ungulu, a Fabrairun 1979 kuma ta maimaita.

Iskar nan dai yanzu kuɗi ce. A Kaiser-Wilhelm-Koog aka kafa gonar fankokin lantarki ta farko a Jamus a 1987, yau yamma gaba ɗaya fankoki ne har cikin teku, jihar tana samar da wutar iska da rana fiye da abun da take sha, matsalar ma wayoyin da zasu kai ta masana'antun kudu ne basu isa ba, wani lokacin sai a tsayar da fankokin ana tsaka da iska.

Na ce muku na gabas shiru-shiru ne. Baltik kusan rufaffen ruwa ne, ka ɗauka baho ne cike da ruwa aka karkata shi, iskar yamma ta tura ruwan can wajen Finlan, in ta juyo ta koma gabas da ƙarfi ta daɗe sai duka ya dawo ya taru a wannan kusurwar, kuma tunda ba janyewar awa shida da zata ba mutane numfashi sai ya tsaya yana duka yini da kwana. Haka aka yi a Nuwamban 1872 ruwa ya hau sama da mita 3, haka kuma aka yi ranar 20 ga Oktoban 2023, a Flensburg ya kai mita 2.27 sama da yadda aka saba, rabon da a ga haka sama da shekara 100, ƙananan jirage suka nutse a tashoshinsu, jinga ta ɓalle a ɗan garin Arnis, gaɓoɓi masu tsayi suka zaftare. Su dama irin gaɓar Brodten kusa da Travemünde ko ba guguwa suna ja da baya kaɗan-kaɗan duk shekara, hanyar ƙafa da ke samanta an sha matsar da ita.

Tekun ya ƙaru da kusan santimita 20 a ƙarnin da ya wuce kuma bai tsaya ba. A yamma sabbin jingogin da ake ginawa an faɗaɗa musu gindi da kai yadda 'yan baya zasu iya ɗora musu ƙari ba sai sun rushe ba, wannan dabara ce mai kyau. Amma ni a ganina ruwan da zai fi basu ciwon kai ba na gaban jinga bane, na bayanta ne. Ruwan saman da ya zuba a Marsch ta ƙofofin da ke jikin jinga yake fita in teku ya janye, toh in teku ya ƙara tsayi lokacin buɗe ƙofar raguwa yake, hunturu kuma yana ƙara ruwa, dole sai injinan tsotsa, su kuma wuta suke ci da kuɗi, kuma iya tsotsewarka iya nutsewar ƙasar, musamman fadamun da ke tsakanin kogunan Eider da Treene da Sorge. Gwamnati da masu kare muhalli suna so a bar wasu su koma fadama yadda suke a da, manomin da kakansa ya kashe ƙarfinsa wajen busar da wajen kuma yace ina zai kai shanunsa. A gabas kuma rigimar ta waye zai biya ce, domin da yawan ƙananan jingogin can ba na jiha bane, na ƙungiyoyin manoma da ƙauyuka ne da basu da ƙarfin ɗaga su, tun bayan 2023 ake ta zama akan wanne jiha zata karɓa wanne zata bar musu.